Lokacin da Megabait 64 Ke Ɗaga Darajar Yaro a Abakpa

A farkon shekarun 2000, Abakpa unguwa ce ta cakuɗa: 'ya'yan sojoji, 'ya'yan ma'aikatan gwamnati da 'ya'yan 'yan kasuwa duk suna tashi a layi ɗaya, ga Unguwar Shanu a maƙwabta, ga tsohuwar harabar makarantar sojoji ta NDA ba nisa. Bayan wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sai shagunan buga takardu da gidajen intanet suka soma tsirowa ko'ina a Kaduna, gidajen gem kuma suka biyo baya. Yawancin yara PlayStation suka sani, a biya kuɗi a buga Winning Eleven, wanda aka ci ya tashi. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, mu 'yan kwamfuta, da muke ganin kanmu daban. Muna da musu guda ɗaya da ba ya ƙarewa: wane katin girafik ne ya fi ja, kuma wanne ne ya cancanci kuɗinsa?

Kwamfutocin da muke taƙama da su duk na hannu ne. Ofisoshin Turai da Amurka sun gama cin moriyarsu, aka loda su a kwantena zuwa Legas, suka bi ta Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba, sannan manyan motocin dare suka hauro da su Arewa. Dell OptiPlex ne da HP Compaq, masu Pentium III ko Pentium 4, waɗanda aka ƙera domin rubuta wasiƙa da lissafin albashi. Girafik ɗin Intel da ke manne a jikinsu ba ya iya ɗaukar wasan kirki. Saboda haka abu na farko da mai saye ke yi shi ne ya ce a buɗe masa murfi. Idan ya hango ramin nan mai ruwan ƙasa na AGP a jikin madabod, hankalinsa ya kwanta, domin akwai wurin cusa kati. Idan kuma akwatin siriri ne, sai a nemo filaya a lanƙwasa ƙarfen bayan katin har ya shiga.

Katin talakawa a wancan lokaci shi ne GeForce4 MX 440, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2002. Megabait 64 ne da shi, ba ya cin wuta, wasu ma ko fanka babu a jikinsu. Da shi muka zaga titunan Vice City bayan wasan ya zo kwamfuta a 2003, da shi muka yi ta lallaɓawa cikin sansanonin Project IGI, muka yi tsere a Need for Speed Underground. Yaron da ya mallake shi, ɗakinsa ba ya rabuwa da baƙi. Sai dai katin yana da wani ɓoyayyen rauni. Duk da lamba 4 da ke cikin sunansa, asalinsa jinin GeForce2 ne, bai wuce DirectX 7 ba, kuma ba shi da fiksel sheda, wato fasahar da sababbin wasanni ke amfani da ita wajen zana haske da inuwa da ƙyallin ruwa. Da Prince of Persia: The Sands of Time ya fito a ƙarshen 2003, ƙememe ya ƙi tashi a kansa. Nan aka shiga yawo da wata 'yar manhaja mai suna 3D-Analyze a faifan CD, wadda ke ruɗin wasa ya ɗauka katin yana da abin da ba shi da shi. Wani lokaci wasan ya buɗe, amma ka tarar da bango fari fat ko mutum babu launi. Haka nan muke bugawa, muna murna.

Babban darasi kuwa GeForce FX 5200 ne ya koyar da shi. Ya fito a 2003 da kwali mai ɗaukar ido: megabait 128, wasu har 256, ga DirectX 9 an rubuta ɓaro-ɓaro. Masu sayarwa ba sa faɗin komai sai yawan megabait, masu saye ma ba sa tambayar komai sai shi. Sai da aka jera katunan a kwamfuta ɗaya aka gane cewa tsohon GeForce4 Ti 4200 mai megabait 64 yana barin sa a baya a yawancin wasanni, musamman irin FX 5200 ɗin nan mai hanyar bayanai ta bit 64 maimakon 128. Wani mai gyara ya taɓa kwatanta mana shi da ƙaton rumbu mai ƙanƙanuwar ƙofa: hatsi na nan jibge, amma fitar da shi sai da tafin hannu. A ɓangaren kamfanin ATI kuwa, tun da Radeon 9700 Pro ya fito a 2002 suka riƙe ragamar DirectX 9, ƙannensa Radeon 9600 da 9550 kuma suka zama zaɓin masu wayo. Ko da Half-Life 2 ya fito a 2004, da kansa yake mayar da katunan FX kan tsohuwar hanyar DirectX 8 domin kada su yi rarrafe.

Ba mu da wata mujalla mai auna mana kaya, don haka shagon mai gyara shi ne kotu. Na tuna yadda ake yin shari'ar. Za a kwantar da kwamfuta a kan benci, murfi a buɗe, a zare katin mai shago a cusa wanda ake ciniki. A goge haƙoransa na zinariya da abin goge fensir, a hure ramin da baki, a ɗora direba daga faifai. Sannan a kunna Fraps, 'yar manhajar da ke nuna lambobi rawaya a kusurwar monita, a buɗe Need for Speed Most Wanted na 2005, a tsokano 'yan sanda har su taru. Idanun kowa na kan lambar nan. In ta tsaya wajen 30, sai ka ji an yi shewa. In ta faɗo ƙasa da 15, motar ta soma tafiya tana cijewa, sai mai sayarwa ya fara kame-kame.

"Oga, ai ya yi, a cire min shi haka nan," in ji yaro mai ɗokin saye.

"Haba ƙanena, gaggawar me kake yi? Bari ya ɗauki zafi tukuna. Kati ba ya faɗin gaskiya sai ya yi gumi."

Bayan an jima sai Oga ya ɗora yatsa a kan ƙarfen sanyaya katin. In ya janye da sauri yana yarfe hannu, farashi ya sauka. In kuma koren zane ko ɗige-ɗige suka bayyana a monita, ciniki ya mutu, komai rantsuwar mai kaya.

Abin da ya bambanta awonmu da na Turawa shi ne yanayin da muke ciki. Su gudu kawai suke dubawa, mu kuwa sai mun haɗa da wuta da zafi da ƙura. Ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, a koma kan ƙaramin janareta wanda ke ɗauke da tsohuwar monita mai ƙaton ƙeya da fankar ɗaki da ƙwan fitila. Fawa-fak ɗin kwamfutocin ofis kuma ƙarami ne, da wuya ya wuce wat 250. Hunturu ya zo ya cusa wa fankar kati ƙura har ta riƙa kuka, zafin Maris da Afrilu ya biyo baya ya ƙarasa ta. Shi ya sa kusan kowace kwamfutar gem a unguwa ba ta da murfin gefe, ga fankar tsaye an saita ta tana hura mata iska, mai ɗakin kuwa yana ta zufa. Da Nvidia ta fitar da GeForce 8800 GTX a ƙarshen 2006 a kan dala 599, mai neman igiyoyin wuta har biyu na musamman, a hoto kawai muka san shi. Ko kyauta aka ba mutum, ina zai kai shi?

Sauyin rami daga AGP zuwa PCI Express, wanda ya fara a 2004, ya raba mu gida biyu na wasu shekaru. GeForce 6600 GT ya samu karɓuwa ne domin an yi shi a nau'i biyun, kuma yana jan San Andreas da Most Wanted babu gardama. A 2006 AMD ta saye ATI. A 2007 Crysis ya fito ya kunyata kwamfutar kowa, aka kuma fitar da GeForce 8800 GT mai megabait 512, wanda sai da ya tsufa a can kafin ya iso hannunmu. Radeon HD 4850 na 2008 yana da ƙarfi a kan dala 199, amma zafinsa ya sa ake tsoron sa a Kaduna. Ƙaninsa HD 4670, wanda ba ya neman ƙarin igiyar wuta, ya fi dacewa da mu. Tsohon tarkon nan bai gushe ba: aka riƙa tallar GeForce 210 da Radeon HD 5450 da sunan gigabait guda, sababbin shiga suna rububi, tsofaffin hannu suna murmushi. Su dai masoya ƙwallo hankalinsu kwance, domin PES 6 da PES 2013 ba su da tsada wajen buƙata.

Harkar ba ta tsaya a kan ƙarfe da waya ba. Rikice-rikicen Kaduna na 2000 da 2002 sun sa jama'a da dama sun sauya unguwa, wasu suka tsallaka kogi zuwa kudu, wasu suka dawo arewa. Amma a gaban benci ɗin nan, abin da ake tambayar mutum shi ne wane kati gare shi. Ana ba da aron kati na ƙarshen mako, ana musaya da ciko, ana tashi in an kira sallar Magariba a bar wa waɗanda ba sa salla gadin wasa. Iyaye suna ganin shiririta ce, alhali a nan da yawa suka koyi ɗora Windows, da gane ƙarar da kwamfuta ke yi in ram ya saki, da canza man sanyaya na'ura. Wasu daga cikinsu da wannan sana'ar suke ciyar da iyali a yau.

Katin da ya rufe wannan zamani a ganina shi ne GeForce GTX 750 Ti na Fabrairun 2014. Dala 149, wat 60 kacal, yawancinsa ba ya neman igiya, kuma ya ja GTA V da ya zo kwamfuta a 2015. Daga nan abubuwa suka juya. Naira ta faɗi a 2016, masu haƙar kuɗin intanet suka wawashe katuna a 2017, PUBG Mobile ya shigo waya a 2018, yara suka koma kan tafin hannunsu. Dalar da muka sani wajen naira 130 a 2005 ta haura 1,000 a ƙarshen 2023, man janareta ma ya yi tsada da cire tallafi a watan Mayun shekarar. Yau mai son kwatanta katuna YouTube yake buɗewa shi kaɗai a ɗaki.

In za a ba ni alƙalanci, MX 440 ya ci kyautar buɗe wa talaka ƙofa, Ti 4200 da Radeon 9550 sun ci ta amana, 6600 GT ya ci ta ƙarfi, 750 Ti kuma ya fi su duka dacewa da wutarmu da aljihunmu. Kai kuma ƙanena da ke shirin sayen RX 580 ko GTX 1060 na hannu, kada yawan gigabait ya ruɗe ka. Duba fawa-fak ɗinka, ka sa a gwada katin da wasan da za ka buga, kuma kada ka miƙa kuɗi sai ya ɗauki zafi a gabanka.