Faifan da ke ɓacewa da yaron da na zarga

Tunda layi ya zo kaina wannan makon, zan ba ku labarin laifin da na ɗora wa wani yaro da yadda kwamfuta ta wanke shi. Akwai kalmomin aiki a ciki, amma zan warware su yadda kowa zai bi.

Ina kula da wani shagon buga takardu kusa da wata makaranta. A lungun shagon akwai tsohuwar kwamfuta da na ɗora wa Linux, ba ta da aiki sai ajiya. Duk abin da aka buga a sauran injunan can yake tafiya, cikin wani faifan ajiya na waje da ke jone a ramin USB na gaba. Ita kaɗai ce a kan inbata, don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta.

Kwatsam sai faifan ya fara ɓacewa. Ana cikin aiki sai a neme shi a rasa, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya dawo kamar ba abin da ya faru. Na share zancen, har ranar da ya ɓace daidai lokacin da ake adana babi na huɗu na aikin kammala digirin wata malamar firamare. Fayil ɗin ya lalace. Matar ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, ranar Litinin fa zan miƙa." Kwana muka yi muna sake bugawa daga rubutun hannunta.

Washegari na duba littafin da kwamfutar ke rubuta abin da ya same ta, wanda ake buɗewa da umarnin dmesg. Layi biyu na gani: an cire na'ura mai lamba kaza, an saka sabuwa. Nan take zuciyata ta ce hannu ne. Wa ke share lungun nan kullum? Yaron da ke koyon aiki a wurina, wanda mahaifinsa ya kawo mini da kansa ya ce amana ce. Na yi masa faɗa a gaban mutane.

Ya ce, "Wallahi Yaya ban taɓa ba."

Na ce, "To aljani ne ya taɓa?"

Da abin ya sake faruwa na ce ya je gida ya huta mako guda. A kwana na uku da tafiyarsa faifan ya sake ɓacewa, ni kaɗai a shagon.

Daga nan na daina zato na shiga karatu. Zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, ita ce ke magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma rubutunta a buɗe yake ga duk mai son karantawa. Cikin ayyukanta akwai lura da na'urar da aka saka ko aka cire alhali kwamfuta na kunne, tun daga filashi da linzami har faifan manyan injunan ajiya. Sashen da ke tsaron ramukan USB yana cikin wani fayil mai suna hub.c. Duk lokacin da wani abu ya motsa a rami, sashen yakan tambayi ramin lambobi biyu, ɗaya ta halin da yake ciki, ɗaya ta abin da ya canza. Da su yake yanke hukunci, sannan ya aika sanarwar cirewa ko sakawa ga sauran manhajoji. Sanarwar ce kaɗai ke zuwa gare ni. Lambobin da suka jawo ta kuwa amfani da su yake yi ya wuce, bai ajiye mini su ba. Hukuncin alƙali nake karantawa, ban ji bayanin shaidu ba.

A hub.c na ci karo da abin da ya tsayar da ni. Idan rami ya ce an ja wutar da ta fi ƙarfinsa, kanel yakan jira kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa don abin ya huce, ya mayar da wuta, ya sake dubawa. Idan matsalar na nan ya rubuta gargaɗi. Idan ta wuce, a yadda aka saba saita shi, ba ya rubuta komai inda zan gani.

Akwai hanyar da kowa ke fara tunani, wato a cusa layukan printk ko'ina su riƙa zuba bayani a littafin nan. Illarta ita ce tana cika littafin da surutu, kuma tana iya jinkirta aiki har matsalar da ta dogara da lokaci ta ɓuya. Sai na bi ta ftrace, tsarin bin sawu da Steven Rostedt ya jagoranta, wanda ya shiga kanel a 2008. A nan mutum yakan dasa wurin ɗaukar sawu da wani tsari mai suna TRACE_EVENT. Kana faɗa masa abubuwa uku: me za a miƙo masa, me zai ajiye, da yadda za a nuna shi idan an zo karantawa. Idan ba a kunna shi ba kusan ba ya cin komai. Idan an kunna, yana zuba bayanin a wani rumbu mai kewaye cikin ƙwaƙwalwar injin, tare da lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Rumbun in ya cika sabo ke taka tsoho, don haka dole a riƙa kwashewa.

Wuri biyu na dasa. Na farko a inda ake karanta lambobin nan biyu, ya ajiye mini lambar rami da su duka. Na biyu a bakin aikin da ke sallamar na'ura. Duka rubutun bai cika shafi ba, amma harhaɗa kanel a wannan tsohuwar ya cinye mini dare, kuma karon farko ya tsaya a tsakiya saboda na manta layi ɗaya. Bayan asuba ya tashi. Na shiga /sys/kernel/tracing na kunna, na sa ana kwashe sawun zuwa faifan ciki. Na gwada da hannuna, na zare filashi: lambar canji ta nuna 0x0001, wato haɗi ya yanke kawai. Yanzu na san kamannin sawun hannu.

Kwana biyu shiru. Ranar Alhamis da yamma faifan ya ɓace. Na buɗe sawun, sai ga alamar 0x0008, ta jan wuta fiye da ƙima, a ramuka biyu na gaba lokaci guda, sannan sallamar faifan ta biyo baya. Ramukan nan biyu mai tsaron wutarsu ɗaya ne. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 aka tsara masa, faifan kuma ya riga ya ja kusan duk rabonsa. To me aka ƙara a rami na biyu? Lokacin ftrace daga kunna inji yake ƙirgawa, sai na tara shi da lokacin da na kunna. Ya faɗo kan ƙarfe huɗu da kwata, jim kaɗan da ɗauke wuta.

Na kalli gaban kwamfutar. Wayata ce a ajiye a kanta, tana caji.

Duk sanda aka ɗauke wuta nan nake jona ta, tunda ita kaɗai ke kan inbata. Igiyar kuma ta caji zalla ce, ba ta ɗaukar bayani, shi ya sa dmesg bai taɓa ambaton waya ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a kan nawa nake tsaye lokacin da nake wa yaron mutane tsawa.

Daga baya na gano kanel na da wani ƙirge mai suna over_current_count ga kowane rami, da na leƙa shi da ban yi kwanan zaune ba. Ban yi nadamar daren ba, amma duk mai irin wannan matsala ya fara duba can.

Faifan na mayar da shi baya, na saya masa mahaɗi mai wutarsa daban, kuma bai sake ɓacewa ba. Gyaran da ya fi nauyi shi ne zuwa gidansu yaron. Na sami mahaifinsa a zaure bayan magariba, na gaishe shi, na ce, "Baba, ni na zalunci yaron nan, ba shi da laifi." Aka kira shi. Na ce ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai Yaya." Da ya dawo aiki na sake faɗa a shago a gaban mutane, tunda a gabansu na yi masa faɗa.

Yanzu shi ke kula da kwamfutar lungu. Na koya masa karanta sawun, kuma ya manna takarda a kan ramin gaba da rubutun hannunsa: "Ba a caji a nan, har da Yaya."

Allah ya raba mu da zato. Sai na ji gyaranku.