Wa zai noma gonar ɗalibin da muka tura karatun fasto?

'Yan'uwa cikin Almasihu na Gesheme, Tibiri da Dogon Dutsi, da ku da aiki ya kai Yamai:

Ikilisiyoyinmu na ƙauye kullum kukan rashin fasto suke yi. Amma ranar da wani matashi ya ce ya ji kira, sai mu ɗora masa hannu, mu yi addu'a, mu raka shi tasha, shi ke nan. Abin da zai ci shi da iyalinsa ba mai tambaya.

Ina ganin tsohon zato ne ke cin mu. Tun da 'yan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, mun saba ɗauka cewa horon masu bishara nauyin baƙi ne. Yau kuwa makarantun Littafi Mai Tsarki na Agye, Dogon Gao da nan Gesheme na ikilisiyarmu ta EERN ne, wato namu ne.

Kuɗin makaranta ba shi ne babban nauyin ba. Ɗalibin nan yawanci magidanci ne, da mata da 'ya'ya yake tafiya. Gonar gidansu ta rasa hannu, ga iyaye sun tsufa. Ku duba matarsa a watan Agusta, kafin sabon hatsi ya nuna: ta zazzage buhu, ta auna da tiya, ta rage wanda za ta daka yau don gobe, ga yaro kwance da masassara. Mijin yana aji, hankalinsa na kan wannan buhu. In hutu ya zo sai ya tsallaka Najeriya ci rani, wani kuma in ya ɗanɗana ciniki ba ya waiwayar aji. Wanda ya wuce karatun tauhidi da Faransanci a Yamai, kuɗin haya kaɗai ya ishe shi.

Wasu dattawa kan ce ai Manzo Bulus ɗinkin tanti ya yi ya ci da kansa. Gaskiya ne, Baba, amma ikilisiyar Filibi ta yi ta aika masa taimako, ya kuma karɓa da godiya.

Mu a Arewa kuɗi ne ke mana wuya, hatsi kam muna da shi in damina ta yi kyau. To, ikilisiyar da ta tura ɗalibi ta yi masa gayya a gonarsa, noman fari da maimai. Da kaka kowane gida ya ware dami ɗaya da sunansa, ban da zakka. Zumuntar Mata na san ba za su bar wake da kuka a baya ba, su ne ma suka fi mu cika alkawari. Ku masu albashi, jika biyu duk wata ba za ta karya ku ba, kuma ta rage kuɗin magani da na littattafai.

A rubuta komai a littafi, ma'aji ya karanta a gaban jama'a ranar Lahadi, don kada zargi ya shigo. Ina roƙon dattawan kowace ikilisiya su tsai da wannan magana kafin a fara ɗaurin dami.