Malaman da Ba a Mantawa

Rannan da la'asar, a Ƙofar Na'isa, na ga wani mai furfura ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban wani tsoho: "Allah gafarta Malam." Ashe malaminsa ne na lissafi a Kwalejin Rumfa, tsohuwar Midil ta 1927, inda marigayi Sarki Ado Bayero ya yi karatu. Sai na shiga tunanin abin da yaro ke fita da shi daga makaranta. Darasin allo yakan dushe. Amma shugaban makarantar da ya ɗaga masa ƙafa ranar da kuɗin jarrabawa ya gagara, da malamin da ya biyo shi har lungunsu a Yakasai don jin dalilin fashinsa, suna nan daram a zuciya. Mu da muka ci moriyarsu, mu riƙa bincikar halin da suke ciki bayan ritaya.