Shekara a Bakin Mai Ɗanɗano

A watan Afrilun 2021 sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙone tohon inabi a gonakin Faransa, amfanin shekarar ya ragu ƙwarai. Masu sana'ar ɗanɗana jar giya a can sukan ce suna jin irin wannan shekara a harshensu, kuma suna da tarin kalmomin bayyana ta. Da na karanta labarin, aya ce ta faɗo mini a rai.

Ni ɗan ƙasar Agye ne, inda ake noman aya kamar yadda ake yi a Gazawa da Gidan Rumji. Bayan damina a ƙone ganyenta, a tone, a tankaɗe rairayi, sannan a kai kasuwa, daga nan ta ƙetara Nijeriya. Mu namu sanyin shi ne ɗaukewar ruwa kafin shuka ta nuna.

Gwaggona, wadda ta tsufa tana sayen aya, ba ta yin ciniki sai ta tauna. Takan duba ƙwayar, ta shinshina, ta ciza, ta yi shiru. Idan ruwa ya yanke da wuri, sai ta ce: "Ɗana, wannan ta sha ƙishirwa. Ga zaƙi, amma garɗin bai zauna ba, tuƙa ta fi madara, kuma akwai bauri-bauri a ƙarshe." Hukuncin nan shi ke yanke kuɗin tiya, wato abin da manomi zai koma gida da shi.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, kalmominta ne suka riƙe ni. Zaƙi, ɗaci, tsami, garɗi da bauri ƴan gida ɗaya ne: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sama, da dogon wasalin "i" a ƙarshe. Su ne F. W. Parsons ya yi nazarinsu a 1955. Ninki kuwa yana rage musu kaifi, shi ya sa bauri-bauri bai kai bauri ba. Baurin nan da goro ke bari a baki shi ne abin da Bafaranshe ke aunawa a jar giyarsa, ya rubuta shafi guda a kansa.

Yau a ɗakunan kwanan ɗalibai kalma ɗaya ta cinye sauran: daɗi. Kunun ayar da muke saye an cika shi da sukari da dabino, har ba a gane shekarar albarka da ta fari. Idan harshen baki ya daina rarrabewa, harshen magana ma zai manta.

Shawarata ga ƴan'uwa masu neman batun kundi ita ce su ɗauki na'urar naɗar murya su zauna kusa da masu awo ranar kasuwa, su tattara waɗannan kalmomi da yadda ake amfani da su, tun masu su na raye.