Mutum-mutumin Dusar Ƙanƙara

A ƙasar Hausa in an ce sanyi, hunturu ake nufi, sa'ad da iska ke tasowa daga hamada da hazo, leɓe ya tsage, tsofaffi su kewaye wuta da sassafe. Amma sanyin ƙasar Turai ya wuce wannan nesa. Can idan sanyi ya tsananta, ruwan da ke cikin gajimare yakan daskare, ya riƙa zubowa sannu sannu, fari fat, sai ka ce gari ake tankaɗewa daga sama. Shi ake kira dusar ƙanƙara. Ƙanƙarar da ke faɗowa da damina tauri gare ta kamar tsakuwa, amma wannan taushi gare ta. In aka duba ƙwaya guda da gilashin ƙara girma, sai a ga tana da kusurwa shida.

A Ingila an taɓa yin wani sanyi wanda har yanzu tsofaffi suna ba da labarinsa. Dusar ƙanƙara ta soma zuba sosai ran 26 ga Disamba, 1962, a wurare da yawa kuwa ba ta narke ba sai cikin Maris, 1963. Tun shekarar 1740 ba a ga sanyi kamarsa ba. Kogin Temis ya daskare a waɗansu wurare, har mutane suna tafiya a kansa da ƙafa.

A cikin wannan sanyi akwai wata malama a makarantar ƙananan yara, 'yan shekara uku zuwa biyar. Wata rana da hantsi sanyi ya ɗan sassauta, sai ta fita da su fili don su gina mutum-mutumi. Ta zaɓi ranar ne da gangan, gama idan sanyi ya yi yawa dusar takan bushe, ta warwatse kamar rairayi, ba ta dunƙuluwa. Suka dunƙula curi guda, suka yi ta mirgina shi yana kwasar dusa yana girma, har ya kai tsawon ƙirjinsu. Suka ɗora ƙaramin curi a bisa, shi ne kai. Suka sa masa gawayi biyu a madadin idanu, da karas a madadin hanci, suka kifa masa tsohuwar hula.

Akwai wata yarinya mai fama da tari, uwarta ta hana a fita da ita. Tana tsaye bakin taga ita kaɗai tana kallo. Wani yaro ya hango ta, tausayi ya kama shi, sai ya dunƙula mata wani ɗan ƙarami, bai fi tsawon tafin hannu ba. Ya sa shi a faranti, ya kai mata. Don kada ya ji sanyi, sai suka ajiye shi kusa da murhu.

Aka kira yara shan madara, gama a zamanin nan gwamnatin Ingila tana ba kowane ɗan makaranta 'yar kwalbar madara kyauta kullum. Ko da yarinya ta komo, sai ta tarar babu kome a faranti sai ruwa da 'yan gawayi biyu. Ta fashe da kuka. Yaron nan kuwa ya cafke rigar wani da ya gani kusa da murhu, ya ce, "Malama, shi ya sace!" Wanda aka kama ya ce bai taɓa ba, shi ma ya sa kuka. Sauran suka zuba masa ido, kowa ya ɗauka ɓarawo ne.

Malama ba ta tsawata wa kowa ba. Ta ce, "Yara, ku zauna, yanzu za mu ga ɓarawon da idonmu." Ta cika kofi da dusar ƙanƙara har baki, ta ajiye inda farantin yake, ta ce kada kowa ya ɗauke ido. Suna kallo dusa ta yi ta raguwa, har ta zama ɗan ruwa a gindin kofi. Ta ce, "Kun gani? Zafi ne ya narkar da ita. Dusar ƙanƙara ruwa ce da iska, iskar ma ta fi yawa, don haka kofi cike ya ba da ruwa kaɗan." Yaron ya sunkuyar da kai, ya je ya roƙi abokinsa gafara. Da yamma aka fitar da kofin waje, gari ya waye ruwan ya zama ƙanƙara mai tauri.

Saura yarinya, wadda har yanzu ba ta da nata. Sai malama ta ɗauko kwali da almakashi da auduga da gam. Ta yanka wa kowa kwali biyu masu da'ira, babba da ƙarami, ita kaɗai ta riƙe almakashi don kada wani ya yanke. Yara suka liƙa ƙaramin bisa babban, suka shafa gam, suka yayyaga auduga suka manna har kwali ya rufe. Suka sa maɓallai a madadin idanu, da ɗan jan ƙyalle a wuya. Na wani ya karkace, na wani ido ɗaya ya fi ɗaya girma, malama ba ta gyara ba, ta ce kowa da aikin hannunsa. Yarinya ta ajiye nata kusa da murhu ta tsare shi har aka tashi, bai narke ba.

Auduga ba ta fitowa a Ingila saboda sanyi, daga ƙasashe masu zafi ake kai ta cikin jirgin ruwa. A waɗannan shekaru har da ta Funtuwa da Zariya da Gusau ana kaiwa. Saboda haka yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, shi ma yana iya yin irin wannan. Ya sami auduga da kwali da gawayi, ya jiƙa ƙaro a madadin gam, ya koya wa ƙannensa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin dusar ƙanƙara da ƙanƙarar damina?
2. Don me malama ta jira sanyi ya sassauta?
3. Wane kuskure yaron nan ya yi wa abokinsa?
4. Hausawa sun ce, "Gani ya kori ji." Ina wannan ya fito a cikin labarin?