Ranar da Na Ga Rini Ya Shiga Gidan Maƙwabci

A lokacin karatuna na digiri na biyu a Ingila, aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne rainon ƙwayoyin hantar ɓera a cikin ƙananan farantan roba. Idan sun hayayyafa sai su shimfiɗu, kowace manne da 'yar'uwarta. Wata safiya malamarmu ta miƙo mini reza, ta ce in zuba rini iri biyu a kansu, ruwan ɗorawa da ja, sannan in tsaga farantin da layi guda.

Na tsaga, muka ɗan jira, muka wanke, muka kashe fitila. Da na sa ido a madubin ƙara girma, sai na ga jan rinin ya tsaya cak a ƙwayoyin da reza ta yanka. Shi kuwa ruwan ɗorawan ya tsallaka zuwa sahu na biyu, na uku, na huɗu, haskensa na raguwa a hankali, alhali waɗannan ƙwayoyin ko ƙwarzane babu a jikinsu. Tsigar jikina ta tashi. Na sha karantawa a littafi, amma gani ya kori ji.

Sirrin yana ga girma. Ƙwayar rinin ɗorawan ba ta kai nauyin dalton 500 ba, ta jan kuwa 10,000 ce, kuma hanyar da ke tsakanin ƙwayoyin jiki ba ta barin abin da ya haura kusan 1,000 ya wuce. Abin ya tuna mini 'yar ƙofar da ake hudawa a katanga tsakanin gidaje biyu a cikin birni: ana miƙa gishiri da garwashin wuta, amma gado ba ya shiga.

Ginin hanyar ya fi komai burge ni. Ƙwayar jiki tana ƙera wani furotin da ake kira koneksin. Guda 6 ne suke haɗuwa su yi zobe mai rami a tsakiya, su kafu a fatar ƙwayar. Wannan rabin aiki ne kawai. Sai maƙwabciyarta ita ma ta kawo nata guda 6, bakunan su kama juna daram, sannan hanya ta buɗe daga ciki zuwa ciki ba tare da ɗigo ya zuba waje ba. Ɗaruruwansu kan taru wuri guda, fatun biyu kuma ba sa narkewa cikin juna, akwai 'yar rata ta nanomita 2 zuwa 4 a tsakani. Masu bincike Revel da Karnovsky ne suka nuna wannan rata ƙarara a 1967. Ɗan Adam yana da koneksin iri 21.

Bayan nan na ga ƙwayoyin zuciyar jaririn ɓera. Farkon shimfiɗa su kowace tana bugawa yadda ta ga dama. Da suka taɓa juna, nau'in da ake kira koneksin 43 ya haɗa su, sai farantin duka ya koma bugu ɗaya. Haka lantarki ke ratsa zuciyarmu. Idan kuma wata ƙwaya ta ji rauni, kalsiyam ya kwararo mata, ƙofofin kan rufe domin kada ɓarnar ta bi ta cinye na kusa. Mahaifa ma tana ninka waɗannan hanyoyi dab da naƙuda, don tsokarta ta matsa a tare.

A teburin da ke kusa da nawa akwai wata 'yar Gana, tashin Nima a Akkara, Hausarta tsaf. Ta same ni ina ta ɗaukar hoto, ta ce, “Ɗan'uwa, kai kana kallon haske, ni kuwa ina kallon mutanen Adamorobe.” Ƙauye ne kusa da Aburi wanda kurame suka yi yawa a cikinsa har suna da yaren hannu nasu na kansu. A 1998 masu bincike suka gano cewa a nau'in da ake kira koneksin 26, wanda ke aiki a can cikin kunne, tubali guda ne cikin 226 da aka gina furotin da su ya sauya, na 143. Yaro ba ya kurumcewa sai ya gaji sauyin daga uwa da uba duka, su kuwa sau da yawa suna ji garau. Ta faɗa mini cewa tun 1975 aka hana kurame auren junansu a ƙauyen, amma masu ji da ke ɗauke da sauyin a ɓoye sun ci gaba da haifar kurame.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san yadda a wajenmu ake ɗora wa uwa laifi idan ɗanta bai ji ba: a ce ta fita da magariba, ko ta tsallaka wani abu. Ba kowane kurumta ne na gado ba, sanƙarau da ƙyanda suna da nasu kason. Amma inda irin wannan gadon ne, uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi, kuma babu wanda ya zaɓa. Da na dawo gida na fara koyarwa, da darasin kunne nake buɗe wa ɗalibai babin koneksin, kafin mu zo kan zuciya.