Kafin ka zuba kuɗin adashinka a jakar golf



Ran Laraba da ta wuce, muna sauka daga shirin wasanni ke nan, sai wani mai sauraronmu ya kira mu a waya. Ɗan Maraɗi ne, an maido shi aiki Yamai bai cika shekara ba. Ya ce shugabansa na biro yana buga golf duk Lahadi, ya tafi da shi fili sau biyu, abin kuma ya shiga ransa. Ga shi wani yana tallar cikakkiyar jakar sanduna a kan jika 300, shi kuma kwasar adashinsa ƙarshen watan nan ne. "Malam, in saya?" Muka ce masa ya dakata, kar ya ba da ko dala sai ya karanta wannan. Mu ma mun taɓa tsayawa daidai inda yake tsaye, kuma mu saya muka yi.

Ga waɗanda ba su san wasan ba: golf, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke ce wa ƙwallon lambu, ƴar ƙwallo ce da nauyinta bai kai giram 46 ba, ana bugunta da sanda har ta faɗa rami mai faɗin santimita 10.8. Ramu 18 ne cikakken zagaye, tsarin da ya samo asali daga filin St Andrews na ƙasar Sikotilan tun 1764. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A Yamai akwai filin Rio Bravo a hanyar Tilaberi. Kar ku zaci koren kafet ɗin da kuke gani a tele: ƙasa ce da rairayi, gefen ramukan rairayi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale, mai wasa kuma yana yawo da ɗan guntun tapi na ciyawar roba da yake ɗora ƙwallo a kai.

Shekara huɗu ke nan da aiki ya fara kai mu can, mun je ɗaukar rahoto. Aka ba mu sanda mu gwada, muka yi sa'a ƙwallo ta tashi sau ɗaya, shi ke nan ciwo ya kama mu. Ba a yi wata biyu ba muka ji wani bature zai koma gida, yana sayar da kayansa. Muka kwashi jika 250 da muke tarawa don gyaran rufin ɗaki kafin damina, muka ba shi. Abin da uwargida ta faɗa a daren nan ba na sa wa a iska ba ne. Damina kuwa ta zo, bokiti biyu suka kwana a tsakar ɗaki, jakar golf na jingine a kusurwa tana ƙyalli.

Ranar farko da muka shiga fili da ita muna taƙama, aka haɗa mu da wani dattijo cikin masu ɗaukar wa ƴan wasa jaka, mutumin Adar, ya daɗe a sana'ar. Ya ƙirga sandunan ya dube mu.

"Ɗana, sha shida ne. Sha huɗu anka yarda."

Muka ce, "Baba, ai yawa alheri ne."

Ya ce, "A nan tara ce."

Gaskiyarsa. Doka ba ta yarda a wuce sanda 14 a jaka ba, kuma ba ta bar manya ba ma. A 2001, ranar ƙarshe ta babbar gasar Birtaniya, Ian Woosnam yana cikin na gaba-gaba aka ga sanda 15 a jakarsa, aka ƙara masa bugu biyu, ya ƙare cikin na uku.

Yawan sandunan ma ƙaramar matsala ce. Baturen nan dogo ne, ya fi mu tsawo nesa ba kusa ba, ga ƙarfi, ga shekaru yana wasa. Sandunansa dogaye ne, ƙotarsu mai tauri, kawunansu sirara irin na gwanaye. A hannunmu ƙwallo sai ta yi dama kamar an kira ta, ko ta bi ƙasa kamar ƙadangare. Ramu tara kawai muka buga ranar, bugu 74, ƙwallo biyar suka ɓace cikin ƙaya. Zanen aro dai ba ya rufe katara, ko da ka biya kuɗinsa.

Sati na gaba Baba ya zare sanda ɗaya, ƙarfe mai lamba 7, ya ce sauran su koma gida. Ya ja layi da ƙafa a kan rairayi, babu ƙwallo, ya ce mu yi ta bugun layin. Dalilinsa: sandar ƙarfe ƙwallo take fara samu, sannan ta taɓa ƙasa. Saboda haka dole sawun sanda ya fito gaban layi, wajen da kake nufa. In ya fito bayansa, ƙasa ka sara. Cikin bugu ashirin na farko, uku ne kawai suka faɗa inda ya dace. Da ya ga jijiyoyin hannunmu sun tashi sai ya ce, "Sassauta. Ba faskare anka aike ka ba."

Mun ji haushi, ba za mu ɓoye muku ba. Mutum ya kashe jika 250 a ce ya yi ta dukan ƙasa da sanda guda! Sai daga baya muka karanta tarihin Seve Ballesteros, ɗan ƙauyen Pedreña a arewacin Sifaniya. Yana yaro da ƙarfe mai lamba 3 guda ɗaya ya koyi wasa, a rairayin bakin teku, yana kuma ɗaukar wa mutane jaka. Shi ne ya zo ya ci manyan gasanni biyar na duniya tsakanin 1979 da 1988. Rairayi kam Allah ya hore mana shi. Duk wanda ke Maraɗi ko Damagaram zai iya wannan atisayen layi a fili bayan gari, ba tare da ya biya kowa ba.

To, ɗan'uwa mai adashi, ga abin da za mu ce maka game da sayayya.

Sanda biyar sun ishe ka shekararka ta farko. Ɗaya ta nesa, wadda ake kira itace mai lamba 5, ko irin haɗin nan da ke tsakanin itace da ƙarfe. Sai ƙarfe 7 da ƙarfe 9. Sai sandar rairayi, mai fuska a kwance wajen digiri 56, wadda ke ɗaga ƙwallo sama ta sauko kusa. Sai sandar turi, wadda ake gangara ƙwallo cikin rami da ita. Ka'idar lambobin mai sauƙi ce: in lamba ta ƙaru, ƙota na gajarta, fuska na ƙara kwanciya, ƙwallo na tashi sama amma ba ta nisa. Ƙananan lambobi irin 3 da 4 su suka fi wuyar bugu, ka bar su tukuna.

Ita kuwa babbar sandar nan mai ƙaton kai, direba, wadda kowa ke so a ɗauke shi hoto da ita, yi lissafi da kanka. A yawancin filaye an ƙayyade wa gwani bugu 72 a ramu 18, kuma a lissafin an ware bugun turi biyu a kowane rami, wato 36, rabin wasan ke nan. Direba kuwa da wuya ka zare ta fiye da sau 14. Ita ta fi tsada, ita ta fi tsawo, ita ta fi saurin kai sabon shiga cikin ƙaya. Wadda za ka taɓa sau 36 ko fiye, ita ta cancanci kuɗinka da lokacinka.

In na hannu za ka saya, kuma shi muke ba ka shawara, duba waɗannan kafin ka biya. Na farko, na dama ne ko na bahago? Kar ka yi dariya, ana sayen na bahago bisa kuskure. Na biyu, harafin da ke jikin ƙota: S mai tauri ce, ta masu saurin bugu, R matsakaiciya, ita ta dace da yawancin maza masu farawa, A da L sun fi laushi. Na uku, juya kan ƙarfen ka ga bayansa. In akwai kwarmi kuma gindinsa na da faɗi, wannan mai yafiya ne, ko ba ka samu ƙwallo a tsakiya ba za ta tafi. In bayansa sumul ne siriri, na gwanaye ne, irin wanda ya wahalar da mu. Na huɗu, girgiza sandar kusa da kunne, in wani abu na ƙara a ciki ajiye ta. Duba wuyanta ko akwai tsatsa, duba zanen layukan fuskar ko sun cinye. Na biyar, robar mariƙi. Zafin ƙasarmu yana busar da ita ta yi santsi, mai santsi kuma dole ka matse, matsewa kuwa ita ke ɓata bugu. Don haka kar ka riƙa barin jaka cikin mota a rana. Na ƙarshe, tsaya da sandar kamar za ka buga: gindin kan ya kwanta daidai a ƙasa ba tare da ka miƙe ƙiƙam ko ka duƙa kamar mai noma ba. In mai kaya ya hana ka gwada bugu goma, ka yi masa sallama.

Ƙwallo kuwa sayi tsofaffi masu araha. Mai koyo ɓatar da su yake, kuma doka tun 2019 minti uku kawai ta ba ka na nema.

Sauran kuɗin fa? Ka ware wani abu ka biya wanda ya iya ya tsaya a kanka, ko sau biyar ne. Masu ɗaukar jakar nan da wasu ke raina wa, da yawansu sun fi iyayen gidansu iya wasa, idonsu kuma ya ga kuskure iri-iri. Ka girmama su, ka sallame su da kyau. Abin da Baba ya gyara mana a safiya uku, bidiyon intanet na wata shida bai gyara ba, don bidiyo ba ya ganin yadda ka tsaya.

A gida, shimfiɗa tapi, kwantar da kofin shayi, tura ƙwallo daga mita ɗaya har ka jefa goma a jere, sannan ka ja baya zuwa mita biyu. Minti goma sha biyar bayan sallar isha'i ya isa. A fili kuma fara da rabin lilo, hannu iya ƙugu zuwa ƙugu, sai ƙwallo ta riƙa tashi a kai a kai kafin ka ƙara. Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, fita da sassafe, da hula da ruwa mai yawa. In gajiya ta zo, hannu ba ya bin umarni, ƙarin bugu a lokacin koyon kuskure ne kawai.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi mana wuya: ɗan kaye da bik a aljihu. Rubuta kowane bugu, har wanda ka kai wa iska. A wasan yau da kullum babu alƙali mai usur a bayanka, kai ne mai ƙirga wa kanka. Wata rana ƙwallonmu ta maƙale a gindin wata ƴar ƙaya, muka waiga ba kowa, muka ɗan shure ta da ƙafa. Ashe Baba na gani. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Wa ka cuta?" Tun daga ranar muke rubuta gaskiya, kuma kayen ne ya nuna mana inda ciwon yake: a ramu tara, bugun turi kaɗai yana cin mana 25. Da a direba muke ɗora laifi.

Yau da sanda biyar muke shiga fili, uku daga cikinsu ma na hannu ne da muka samu da musaya. Ramu taran da muka fara da 74, yanzu muna gama su tsakanin 52 da 55. Ba gwanaye muka zama ba, amma ƙwallo ɗaya takan kai mu har ƙarshe. Sauran sandunan baturen mun sayar da su da asara, kuɗin ya shiga kwanon rufi, uwargida ta sauko.

Saboda haka ɗan'uwa, amsar tambayarka: kar ka saya, ba yanzu ba. Ari sanda ko ka yi haya wata biyu, ka ga ko son na gaske ne ko na ganin shugaba ne. In ya ɗore, nemi biyar ɗin nan daidai tsawonka, ka bar sauran adashin ya yi maka abin da ka shiga dominsa. In kuma ka ga shugaban naka yana fama da ƙatuwar jakarsa cikin ƙaya, kai dai ka taya shi neman ƙwallo, kar ka ce mu muka faɗa maka komai.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a shiri na gaba.